Hoton furanni da neman sunansu a Yamai: tambayoyin da kuke yawan yi mani

Salamu alaikum jama'a. Shekara shida kenan ina yawo da waya ina ɗaukar hoton furanni cikin Yamai, tun daga garaken bakin gulbi na Yantala da Gamkalle har katangun gidajen Plateau, kuma tambayoyin da ake mani kusan iri ɗaya ne kullum, wani ya tare ni a fada wani ya turo hoto tsakar dare yana cewa Malam don Allah wane icce ne wanga. Na gaji da maimaitawa shi ya sa na tara su wuri guda. Wasu amsoshin dogaye ne wasu kuma layi biyu, ku yi haƙuri, haka abin ya zo.

Malam, sai da babbar kamera ake irin wanga hoto?

A'a. Wayar da ke hannunka ta isa, ko Tecno ce ko Itel ko Samsung. Kafin komi ka goge idon kamerar da bakin riga, wallahi rabin hotunan da ake turo mani masu hazo-hazo ba laifin waya ba ne, maiƙon hannu ne da ƙura.

Me ya sa in na matsa kusa sai hoton ya dushe, furen bai fita ba sai katangar da ke baya?

Saboda kowace kamera tana da iyakar kusancin da take iya gani tar. Ga yawancin wayoyi abin yana wajen santimita 10, wato kamar faɗin tafin hannu, in ka wuce nan sai ta kasa kama furen ta koma ta kama abin da ke bayansa. Ka ja baya kaɗan, ka taɓa furen da yatsa a fuskar wayar don ta san shi kake nufi, ka ɗauka, daga baya ka yanke gefen da ba ka so. Ya fi ka cusa wayar cikin furen.

Wasu wayoyi suna da ƙaramin ido na musamman don ɗaukar abu kusa-kusa, wanda ake ce ma makaro. A wayoyi masu sauƙin kuɗi yawanci megapiksel 2 ne kawai, yana nuna gashin ganye da ƙananan ƙwari amma hoton ba ya da tsabta in ka buɗe shi a kwamfuta. Ni dai na fi son babban idon sannan in yanke. Zum kuma, in wayarka ba ta da ido na zum daban to ja kawai take yi tana ɓata hoton, kada ka wuce ninki 2.

Wane lokaci ya fi?

Da sassafe, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 8 da rabi, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Safiya ta fi don iska ba ta tashi ba tukuna kuma masu garka sun yi ban ruwa sun wanke ƙurar da ke kan ganye. Ranar tsaka ta Yamai kuwa ba ta raga ma kowa, inuwa ta yi baƙi ƙirin haske ya yi fari fat, furen ma kansa ya yi laushi ya sunkuya. A Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 wayar ma takan yi zafi ta rufe kamera da kanta, don yawancinsu an yi su ne su yi aiki ƙasa da digiri 35.

Abin da mutane ba su yarda ba sai sun gwada shi ne ranar da hazon hunturu ya rufe gari ita ce ranar hoton fure. Hazon yana tace hasken rana ya zama mai laushi ko'ina daidai, babu inuwa mai kaifi. Matsalar kawai ƙura a kan ganye, sai ka tafi da ɗan ruwa a gora ka yayyafa, ka jira ya ɗan tsane.

Amma fa akwai furannin da ke da nasu agogo. Ƴar ƙaramar nan mai rarrafe da ake sa wa a tukwane, mai ganye kamar ƙwayar shinkafa, Portulaca, ba ta buɗewa sai rana ta ɗaga, in ka je da asuba a rufe za ka same ta. Mirabilis jalapa da Faransawa ke ce ma kyakkyawar dare sai wajen ƙarfe 4 na marece. Farin bado da dare yake buɗewa ya rufe da hantsi. Furen kuka ma da magariba yake buɗewa, jemagu ke zuwa gare shi, washegari ya fara yin ja-ja ya faɗi.

Jan fure yakan fito kamar an zuba fenti, babu layi babu komi. Wayata ce ta lalace?

Lafiyarta lau. Ja da ruwan hoda mai ƙarfi su ne ke fara cika ma kamera ido. In ka taɓa furen a fuskar waya za ka ga wata ƴar alamar rana ta fito a gefe, ka ja ta ƙasa har sai jijiyoyin furen sun fara bayyana. Hoton zai yi ɗan duhu, ba komi, duhu ana iya gyara shi daga baya amma wurin da haske ya ƙone ya ƙone kenan. Ko kuma ka tsaya ta yadda inuwarka ko ta lema za ta rufe furen gaba ɗaya. Filashi kam ka kashe shi.

To baya fa? Kullum sai bido ko leda ko igiyar shanya ta shigo.

Hahaha wannan ciwon kowa ne a garin nan. Ka zagaya furen kafin ka ɗauka, ka durƙusa, ka duba ta ƙasa zuwa sama ko sararin sama zai zama bayan. Ni ina yawo da ɗan baƙin ƙyalle a aljihu, wani yaro ya riƙe mani shi kamar taku guda bayan furen. Farar takarda kuma in ka riƙe ta ta gefen inuwa tana maido da haske.

Na turo maka hoto mai kyau ka ce ba ka iya faɗin sunan iccen da shi. Me ya sa?

Yauwa, nan ne maganar take, kuma in ba za ka karanta komi ba ka karanta wannan. Hoton ado daban, hoton neman suna daban. Wanda za ka sa a Facebook mutane su ce masha Allah, fure ɗaya ne ya cika hoto an dusar da komi na bayansa. Shi kuma mai neman suna abin da ka dusar ɗin nan shi yake buƙata. Fure kaɗai kamar a nuna maka hular mutum ne a ce ɗan gidan wa ne.

In kana son suna ka ɗauki aƙalla biyar. Iccen duka daga nesa don a ga ko icce ne ko ɗan kurmi ko mai hawa katanga. Furen ta gaba. Furen ta gefe da ta baya, don wani fure kamar kakaki yake wani kamar faifai kuma ta gaba ba a ganewa. Ganye tare da reshen da yake kai, ba ganye ɗaya da ka tsinko ba, don ana son a ga ko biyu-biyu suke fuskantar juna, ko ɗaya nan ɗaya can, ko uku-uku a gaɓa ɗaya. Sai ɗiyan iccen ko kwanson iri in akwai, ko da busasshe ne a ƙasa. Ka ajiye kuɗin ƙarfe, dala ashirin, kusa da ganyen don a san girmansa. Sannan ka rubuta abin da hoto ba ya ɗauka: yana da ƙamshi? Ƙaya? In an karya ganye farin ruwa kamar nono yana fita? Wane wata ne, kuma shuka shi anka yi ko da kansa ya fito?

Misali guda zai isa. Akwai itatuwa uku masu rawayan fure kamar kakaki da ke cike da gidajen Yamai kuma kullum ana haɗa su. Thevetia ganyensa siriri ne dogo mai sheƙi, yana da farin ruwa, ɗiyansa kore dunƙulalle. Tecoma stans ganyensa rabe yake ƙanana-ƙanana masu baki kamar zarto, kwansonsa dogo siriri kamar na wake, ba ya da farin ruwa. Allamanda kuma mai jingina da katanga ce, furenta ya fi girma, ganye uku ko huɗu a gaɓa ɗaya. In ka turo furen kaɗai duka ukun rawaya ne. Kuma na farkon ƙwallonsa yana kashe mutum.

Wace aplikasiyo kake amfani da ita?

Pl@ntNet ita ce ta farko a wurina. Cibiyoyin bincike na Faransa ne sunka yi ta, irin su Cirad da Inria da IRD, ta fito a waya a 2013, kyauta ce, kuma tana tambayarka hoton na mene ne, ganye ko fure ko ɗiya ko ɓawo, kana iya haɗa hoto fiye da ɗaya na icce guda sai amsar ta ƙara ƙarfi. Sai iNaturalist, ita bayan hasashen na'ura akwai mutane masana da ke dubawa su gyara, sai dai wani lokaci ka jira kwanaki. Google Lens tana da sauri kuma ta iya furannin ado da ke ko'ina a duniya, amma kama kawai take nema, takan kai ka shagon saida furanni na wata ƙasa.

Ba sai kana da forfe a wurin ba. Ka ɗauki hotunan, in ka koma inda rezo ke da kyau ka ɗora.

In manhajar ta ba ni suna shi kenan?

Ina! Hasashe ta yi. Ka duba lambar da take sa wa a gefen sunan, in ta ce kashi 20 ko 30 cikin 100 to ita ma laluben duhu take. Ko ta ce 90 ka buɗe hotunan da ta nuna ka gwada ganye da ganye. Dalili shi ne na'urar ta koya ne daga hotunan da mutane sunka tura mata, kuma masu turawa daga Turai da Amurka sun ninka namu nesa ba kusa ba, shi ya sa ta fi sanin furen lambun Faransa da haki na bayan Goudel. Furen ado da anka kawo daga waje takan dace, namu na daji ne take yawan kuskure.

Ni bayan manhaja sai in je wurin masu saida dashe a bakin gudoro. Dattijon da ya shekara ashirin yana ban ruwa ko bai san sunan Latin ba zai gaya maka wanga ba ya son ruwa da yawa, wancan akuya ba ta cin shi, kuma sau da yawa wannan ya fi sunan amfani. Ka gaishe shi da kyau, Baba ina aiki ina gajiya, ka sayi ko ɗan dashe ɗaya, kada ka tsaya masa a kai da waya kawai. Ma'aikatan gandun daji ma suna taimakawa, haka ɗaliban sashen ilimin tsirrai na jami'ar Abdou Moumouni can Harobanda.

Me ya sa kake wahalar da mu da sunayen Latin, ba su da na Hausa ne?

Namu na gida suna da shi, kuma tun 1916 wani likita ɗan Birtaniya, Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi. Amma yawancin furannin ado baƙi ne. Buganbiliye daga Amurka ta Kudu ta zo, sunan wani matuƙin jirgin ruwa na Faransa, Bougainville, anka sa mata, wanda ya tashi tafiyar zagaya duniya a 1766. Falambuwayan daga Madagaska. Faranjipaniye daga yankin Meziko da tsakiyar Amurka. Dogon yaro ma da muke gani kamar kakanmu ne ya shuka shi, wanda anka kewaye Yamai da shi tun daga 1965, asalinsa Indiya ne, shi dai ya daɗe har ya samu suna. Sauran kowa fulawa yake ce masu.

Sunan Latin amfaninsa shi ne ɗaya ne ko'ina, tun tsarin da Linnaeus ɗan Suwidin ya kafa a 1753, kalma ta farko ta dangi ta biyu ta iccen kansa. Kuma yana tona zumunci. Babban jan furen nan na gidajen masu hali sunansa Hibiscus rosa-sinensis, yakuwar da muke bisap da ita Hibiscus sabdariffa, rama Hibiscus cannabinus. Je ka duba furen yakuwa da na kuɓewa da na auduga ka dawo ka dubi na gidan Alhaji, za ka ga fuska ɗaya ce, da ɗan sandan nan a tsakiya.

Gaskiya ne abin da muke gani a buganbiliye ba fure ba ne?

Gaskiya ne. Masu launin nan kamar takarda ganye ne da ya canza kama. Furen na ainihi ɗan mitsitsi ne fari a tsakiyarsu, yawanci uku. Nan ne ya kamata ka taɓa a fuskar waya kafin ka ɗauka.

Falambuwayan iri biyu ne? Na ga babba na ga ƙarami.

Dangi ne amma ba ɗaya ba. Babban, Delonix regia, icce ne mai faɗin kai kamar lema, yana yin ja jawur a ƙarshen bazara gab da faɗuwar ruwa lokacin da gari ya fi ƙuna, kwansonsa kamar takobi ya kai rabin mita, kuma cikin kunnuwan furen biyar akwai ɗaya mai fari-fari da zane. Ƙaramin, Caesalpinia pulcherrima, da wuya ya wuce mita 3, yana da ƴan ƙayoyi, furensa ja da ruwan goro da dogayen gashi ja suna fitowa daga ciki, kuma shi kusan duk shekara yana fure in yana samun ruwa.

Hajiya ta tambaya: ina da ƙananan yara da tumaki a gida, wanne zan kiyaye?

Hajiya kin yi tambayar da ta fi duka. Da yawa cikin masu kyan nan dafi gare su, kuma dalilin da ya sa suke rayuwa a bakin hanya kenan, dabba ba ta cika taɓa su ba.

Na farko loriye-roz, Nerium oleander, mai furen ruwan hoda ko fari da dogon ganye mai kauri uku-uku a gaɓa. Komi nasa guba ne mai taɓa zuciya, ganye da fure da icce, ko busasshe, kada a yi asawaki da shi kada a tsire nama da shi kada a sa shi a wuta. Sai Thevetia da na faɗa a sama, yara suna wasa da ƙwallonsa. Sai ƙariya, Adenium obesum, mai kumburarren gindi da ake sa wa a tukunya, ita tamu ce ta Sahel kuma da ruwanta ake dafin kibiya a wurare da dama. Ita ce ta karin maganar nan ƙarya fure take ba ta ɗiya, ko da yake an ɗan yi mata sharri, takan yi kwanso biyu kamar ƙahoni, ni na ɗauki hotonsu. Duka ukun nan da faranjipaniye da tumfafiya gida ɗaya ne, kuma kowa ya san abin da ruwan tumfafiya ke yi ma ido. Lantana mai ƙananan furanni kala-kala a dunƙule tana lalata hantar dabbobi. Zaƙami kuma mai farin kakaki ba sai na faɗa ba, ba banza anka ce masa haukata yaro ba.

Ba na ce ki sare su duka ba, amma ki ɗauke tukwanen daga inda yara ke wasa, ki tsince ƙwallon da ya faɗo, mai yi maki aski na itatuwa ya wanke hannu kuma kada ya zuba ma tumaki reshen. In yaro ya ci, a tafi likita nan take da reshen iccen a hannu, kada a tsaya jiran alama, kada a tsaya tambayar waya. Haka perbanshi ta Madagaska, ƴar gajeruwar nan mai fari ko ruwan hoda, an ji ana cewa ana maganin cutar kansa da ita sai wasu su dafa su sha. Eh daga cikinta ake fitar da magungunan cutar, vincristine da vinblastine, amma a masana'anta ake tace su likita ya auna, ganyen kansa guba ne.

Na ga wani fure mai shunayya yana yawo a kan gulbi, kainuwa ce? Zan iya sa shi a gida?

Ba kainuwa ba ce. Kainuwa kamar salati take a kan ruwa kuma ba ta da furen a zo a gani. Wannan mai kumburarren wuyan ganye da fure mai ɗigon rawaya a kunnen sama baƙuwa ce daga Amurka ta Kudu, Faransawa na ce mata jasint, kuma masunta da masu jirgi da masu fanfon ban ruwa ba su ƙi a ce ta ɓace ba don toshe ruwa take. Ka ɗauki hotonta, tana da kyau ƙwarai da safe, amma kada ka kai ta wani tabki.

Ta tuna mani wata damina da na tsaya gonar hatsi bayan gari ina ta ɗaukar wani ɗan fure mai ruwan hoda ina murna na samu sabon abu, sai mai gonar ya zo ya tsaya yana kallona ya ce ɗana, abin da ya hana ni barci shi kake ma hoto? Ashe ƙuduji ne. Saiwar hatsi yake kamawa ya tsotse, guda ɗaya yana zubar da iri dubbai kuma irin yana iya shekara goma a ƙasa yana jira. Na taya shi tugewa kafin in tafi, kunya ta ishe ni.

Ana hana ɗaukar hoto a wasu wurare?

Sosai ma. Kusa da bariki, ofisoshin gwamnati, ofisoshin jakadanci, filin jirgi da gadoji ka maida wayarka aljihu ko da furen zinariya ne. Ni wani mai gadi ya taɓa riƙe mani waya kusan awa guda saboda buganbiliyar da ta leƙo ta katanga, sai da ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ya ga duk ganye ne sannan ya sake ni yana girgiza kai. Gidan mutane kuma ka yi sallama ka nemi izini, yawanci har kujera za a ba ka a yanko maka reshe. In za ka ɗora hoton gidan wani a intanet ka kashe alamar wuri ta GPS a kamerar tukuna.

Yaya zan turo maka hoto?

Ta WhatsApp amma a matsayin dokima, ba ta hanyar hoto ta kullum ba, don waccan tana matse shi har gashin ganye da jijiyoyi su ɓace kuma su nake dubawa. Kada ka sa masa filta, kada ka ƙara masa kala. Ka rubuta unguwa da wata, misali Koira Kano, Nuwamba, cikin tukunya. Icce ɗaya a saƙo ɗaya don Allah, kada a haɗo mani guda bakwai a ce wanne ne wanne. In kuma babu ganye a ciki zan maido maka ka koma ka ɗauko.